Kalmar Ƙarshen Wasiƙa

"Malam akawu, sake karanta mini wurin nan na ƙarshe."

Ephraim bai ɗago kai daga tafireta ba. Ya san muryar, ya kuma san takardar, don shi ya buga ta da yatsunsa tun bara waccan. Ya'u ne, wani dattijon Bafillace manomin shinkafa daga bakin tafkin Njuwa, wanda aka je aka kafa wa turakun awo a tsakiyar fadamarsa, aka ce kada ya ƙara sa fartanya sai jami'i ya zo ya duba. Wannan zuwansa na bakwai ke nan, ko na takwas. Takardar ta sha ninki har ta fara rabuwa gida huɗu, ya liƙe ta da ƙaro.

"Baffa Ya'u, abin da na karanta maka watan jiya shi ne dai yau. Takarda ba ta sake magana."

"Na sani. Kalman nan dai nake so in ji."

Ephraim ya miƙa hannu ya karɓa, ya ɗora yatsa a ƙarshen layin ƙarshe. "Shortly. Wato nan ba da daɗewa ba. Jami'i zai zo nan ba da daɗewa ba."

"Kwana nawa ne a ciki?"

"Ba a ƙidaya mata kwana."

"Ya wuce gobe?"

"Ya wuce."

"Zai kai kaka?"

"Allah ne masani, Baffa."

Ya'u ya gyaɗa kai, ya ninke takardarsa a hankali, ya ce useko, godiyarsu ta Fillanci, ya fita ya koma gindin darbejiyar da ke ƙofar ofis, inda masu jiran amsa ke zama.

To, ƙarya dai Ephraim bai yi ba. Duk wanda ya buɗe ƙamus abin da zai gani ke nan. Sai dai a ofishin nan kalmar tana da wani aikin da ƙamus bai sani ba, kuma ba wanda ya san aikin nan kamar Ephraim, mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana buga amsar koke-koken jama'a. Baturen da ya koya masa aiki ne ya ba shi ita tun makonsa na farko. Ya ce masa, kada ka taɓa rubuta wa mutum a'a. Wanda ka ce wa a'a zai wuce gaba ya kai ƙara, wanda ka ce wa shortly kuwa zai koma gida ya jira. Aka zo aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu, aka yi jihohi, aka ce yanzu fayil Maiduguri zai riƙa tafiya ba Kaduna ba. Bature ya kwashe akwatunansa da karensa ya tafi, amma kalmar ya bar musu ita tare da kujeru.

Kowane akawu a nan ya san tsarin ba tare da an rubuta shi ko'ina ba. In ka ga an sa immediately, wato nan take, to wani babba ne ya bugo waya. In an sa soon, wato nan kusa, fayil yana nan da ransa, watakila a yi. In kuwa aka sa shortly, ɗayan biyu ne: ko fayil ya ɓata, ko amsar ba mai daɗin faɗa ba ce kuma ba wanda ke son sa hannu a kanta. Ba a zuwa, ba a yi, ba a kuma cewa ba za a yi ba.

Abin har gida ya bi shi, can unguwar Rumde, lokacin da gidan ke da dariya. Matarsa Liyatu ta ce jinkar kicin na yoyo, yaushe za a gyara? Ya ce shotli. Ta ce wato sai ranar tashin ƙiyama. Ɗansu Boaz ma, tun bai kai tebur tsawo ba, in an aike shi rijiya sai ya ce shotli, Mama, ya ruga waje tana bin sa da muciya. Kai, an sha dariya da kalmar nan a gidan, ba kaɗan ba.

Yanzu shekara uku ke nan ba wanda ya ƙara furta ta a gidan. Boaz, ɗansu ɗaya tilo, ya shiga soja ana tsakiyar yaƙin basasa. Wasiƙa huɗu ya aiko, sai shiru. Yaƙi ya ƙare, 'ya'yan mutane suka riƙa dawowa, wasu da ƙafa biyu, wasu da ɗaya, wasu kuma takarda ce ta dawo a madadinsu, iyayensu suka yi kuka suka share hawaye suka ci gaba da rayuwa. Su Ephraim ba ɗa, ba takarda. Wani abokin tafiyar Boaz, Jibrilla, ya ce ganinsa na ƙarshe da shi a wata mashigar ruwa ne can kudu, ana ruwan harsashi, daga nan bai san komai ba.

Da Liyatu ta ji an ce waɗanda aka sallama ta Maiduguri ake biyo da su, sai ta ɗauke tiren gyaɗarta daga kasuwar Jimeta, inda take da rumfa da masu saye, ta mayar da shi bakin kogi, inda jirgin fito ke sauke mutanen da suka fito daga arewa. Wata goma sha tara tana can. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, tari kuma ya kama ta ya ƙi saki. Fasto ya zo gida sau biyu ya ce ko a sa rana a yi wa yaron addu'a, zuciya ta huta. Ta ce ba a yi wa mai rai makoki. Ta ce a rubuta a tambaya, abin da takarda ta faɗa shi za ta bi: in an ce ya mutu za ta ɗaura baƙin ɗankwali, in ba a ce ba tana nan bakin kogi. Ephraim ya rubuta, da Turancinsa mafi kyau, ya aika ofishin da aka ce shi ke riƙe da sunayen waɗanda suka tafi. Wata tara ke nan.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya jakar wasiƙu ta iso. Ba a jima ba babban akawu, Malam Deribe, ya leƙo daga ɗakinsa.

"Malam Ephraim, zo mana."

Da ya shiga sai Deribe ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, abin da bai saba yi ba. Mutumin Barno ne, dogo, mai ƙarancin magana, shekararsu sha ɗaya suna aiki tare ba su taɓa sa-in-sa ba. Ya turo wata ambulan mai launin ƙasa-ƙasa a kan tebur.

"Taka ce. Ban buɗe ba."

Ephraim ya ɗauka, sai da ya yaga gefen takardar wajen buɗewa. Layi huɗu ne kacal. An samu wasiƙarsa mai kwanan wata kaza. Ana kan bincike game da ɗansa mai lamba kaza. Za a sanar da shi sakamako. Sai kalmar, a ƙarshen layin ƙarshe, daidai inda shi ma yake ajiye ta.

Ya karanta sau biyu, ya miƙa wa Deribe. Deribe ya sa tabarau ya karanta, ya daɗe yana kallon takardar fiye da yadda layi huɗu ke bukata.

"Watakila su can ba haka suke aiki da ita ba," in ji shi a hankali. "Maiduguri daban, nan daban."

"Ranka ya daɗe, duba ƙasa, hannun hagu."

A ƙasan kowace wasiƙa mai bugawa kan sa harufan sunansa ƙanana. Deribe ya duba, ya cire tabarau.

"Apollos ne," in ji Ephraim. "A teburina ya koyi aiki kafin a yi masa canji. Ni na ce masa kada ya taɓa rubuta wa mutum a'a, ni na jera masa kalmomin uku. Ya ci tuwo a gidana, ajinsu ɗaya da Boaz. Da akwai ko ƙyallin wani abu a fayil ɗin nan, ranka ya daɗe, da soon zai sa mini. Ya san zan gane. Abin da zai iya faɗa mini ke nan ba tare da an kore shi ba."

Deribe ya buɗe baki zai ce Allah ya ba da haƙuri, sai ya tsaya a tsakiya. Wa za a yi wa gaisuwar mutuwa, alhali takarda ta ce ana kan bincike? Ya shafa gemu, ya kalli taga.

"Je ka gida. Sauran aikin ya kwana."

"Akwai wasiƙu shida a kan teburina."

"Na san abin da ke ƙarshensu. Ba za su yi tsami ba."

Ephraim ya lulluɓe tafireta da ƙyallenta, ya sa wasiƙar a aljihun gaba, ya fita ya kwance kekensa. Baƙin ciki ne ya cika masa ciki, amma ba irin mai fitar da hawaye ba, irin mai sa mutum ya ji bakinsa ba ɗanɗano. Har da kunya a ciki. Mutum nawa ya aika gida da kalmar nan? Bai taɓa ƙirgawa ba, don bai taɓa bin ko ɗaya daga cikinsu ya ga abin da suke yi da ita in sun isa gida ba.

Ya'u na nan gindin darbejiya, ya shimfiɗa buzunsa yana jiran azahar. Ephraim ya tura keke har ya wuce shi, sai ya dawo ya durƙusa kusa da shi.

"Baffa, zan faɗa maka wata magana, kada ka ce ni na faɗa. Ba wanda zai zo. Fayil ɗinka ya ɓata tun da aka kwashe takardu zuwa Maiduguri. Je ka ka tuge turakun nan ka yi shukarka tun damina ba ta wuce ba."

Ya'u ya dube shi sama da ƙasa. Ephraim ya ɗauka godiya za ta biyo baya, ko zagi, duk wanda ya zo zai karɓa. Ba ko ɗaya.

"Ɗazu ka ce zai zo ba da daɗewa ba."

"Haka aka rubuta. Amma ba haka ake nufi ba."

"Takarda yana da hatimi?"

"Tana da shi."

"Maganan da ka faɗa yanzu yana da hatimi?"

Ephraim ya girgiza kai.

"To ka gani," in ji Ya'u, ya dafa aljihun da takardar take. "Damina biyu ban shuka ba saboda wannan. In na tashi yau na ce ƙarya ne, me na yi ke nan da damina biyu? Gwamnati ya ce zai zo. Kai dai ka gaji ne, Malam akawu. Je ka huta."

Ya juya ya ci gaba da gyara buzunsa, kamar wanda aka yi wa maganar da ba ta shafe shi ba.

A kan keke, hanyar da ta miƙe zuwa cikin Jimeta, Ephraim ya yi ta juya maganar tsohon. Wannan gona ce kawai, ga yadda ya riƙe takarda. Ina ga mai ɗa? In ya ce wa Liyatu ba wanda zai zo, me zai ce ta yi da wata goma sha tara? Kuma da wane hatimi zai faɗa? Kafin ya kai kasuwa ya gama yanke shawara. Zai karanta mata yadda aka rubuta, ya fassara yadda ƙamus ya ce. Ana kan bincike, za a sanar da mu nan ba da daɗewa ba. Ba ƙarya a ciki ko ta anini. Ita ba ta yi boko ba, ko sunanta da ɗan yatsa take dangwalawa. Za ta ji daɗi yau, watakila ma ta ci abinci. Ƙafa da tari kuwa, sai ya san dabarar da zai yi daga baya.

Ya bi ta gefen kasuwa, ya wuce tsohuwar rumfarta da yanzu wata mai daddawa ke zaune a ciki, ya gangara bakin kogi. Watan Agusta ne, Binuwai ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da rassan itace da ciyawa. Jirgin fito na can tsallake ana loda masa wata babbar mota. A wannan gefen masu jira sun taru, da masu kifi, da masu rake, da 'yan dako suna gardama a kan buhuna.

Tana inda take kullum, kan wani dutse mai faɗi daga inda ake ganin duk wanda ya sauko. Ta miƙe ƙafafu a kan tsumma, tiren gyaɗa a cinyarta, ga tarin takardu a gefe an danne da dutse. Takardun ofis ne waɗanda suka lalace a bugu. Tun aurensu yake kawo mata su, tana naɗe su kamar mazurari tana ƙunsa wa masu saye gyaɗa.

Da ta gan shi da rana tsaka sai ta ajiye wadda take naɗewa.

"Baban Boaz, lafiya?"

"Lafiya lau. Amsa ta zo."

Ba ta yi motsi ba. Ya jingine keke, ya zauna kusa da ita a kan dutsen, ya zaro wasiƙar. Ya karanta da Turanci tukuna kamar yadda yake yi wa mutane a ofis, amma da ya zo ƙarshe sai ya haɗiye kalmar, ya yi tari a wurinta. Sannan ya fassara, da murya mai ƙarfi, har da ɗan murmushi.

"Sun samu wasiƙarmu. Suna kan bincike, kin ji, ba su manta ba. Sun ce za su sanar da mu nan ba da daɗewa ba."

"Ba da daɗewa ba."

"Haka suka ce."

"Ba su ce ya mutu ba."

"Ba su ce ba, Maman Boaz. Ko kusa."

Ta goge hannu a zaninta, ta miƙo. "Ba ni in riƙe."

Ya ba ta. Me zai hana? Ta riƙe takardar da hannu biyu, ba ta ma kalli saman ba, idonta ya gangara kai tsaye zuwa layin ƙarshe. Ta ɗora yatsa a kan kalmar. Sannan ta ɗaga dutsen da ke gefenta, ta zaro takarda ɗaya daga cikin na ƙunshin gyaɗa, ta jera ta da wasiƙar, ta ɗora wani yatsan a ƙarshenta. Ta zaro ta biyu, ta zaro ta uku. Duk ga ta nan, a wuri ɗaya.

"Ita ce," in ji ta. Ba tambaya take yi ba.

"Maman Boaz..."

"Mai farawa da harafin nan mai kama da maciji, ta ƙare da mai wutsiya. Kai ka nuna mini ita, shekarar da jinkar kicin ta faɗi, kana dariya. Ka ce in na gan ta a takarda in yi wa mai takardar jaje. Shekara ashirin ina ƙunsa wa mutane gyaɗa da ita, Baban Boaz. Kalma ɗaya na sani a duk Turancin duniya."

Ephraim ya kalli yatsanta a kan takardar, farcen ya tsage, bawon gyaɗa ya maƙale a ciki. A ofis ya yi tsammanin ya gama jin zafin abin, ashe bai fara ba.

"Wa ya buga?" in ji ta.

"Apollos."

"Apollos namu?"

"Shi."

Ta gyaɗa kai a hankali, sau da yawa. "Yaron kirki ne. Ba zai sa mana ita a banza ba."

Ta ninke wasiƙar gida huɗu, ta kwance bakin zaninta ta ɗaure ta a ciki. Ba ta yi kuka ba, tari ne ya taso mata, ya jira har ya lafa. Wata yarinya ta zo sayen gyaɗa, ta auna mata, ta naɗe, ta miƙa. Da yarinyar ta tafi sai ta juye sauran gyaɗar a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta kife tiren.

"Ka biya wajen Fasto," in ji ta. "Ka ce ya sa rana. Ka aika gida a gaya wa 'yan'uwanka. Baƙin ɗankwalina yana ƙasan akwati."

"To."

"Kama ni in tashi."

Ya kama ta ta miƙe da ƙyar, ya ɗaura ƙwaryar da tiren a bayan keke. Tarin takardun ta bar su nan ƙarƙashin dutse. Sun yi taku kamar goma zuwa hawan gangare sai jirgin fito ya yi ƙugi a bayansu, ya iso gaɓa, aka saki sarƙa, mutane suka fara saukowa.

Liyatu ta tsaya. Ba ta juya ba da farko, hannunta dai ya ƙara matse damtsensa.

"Mu je, Maman Boaz."

"Za mu je," in ji ta, ta juya ta fuskanci kogi. "Bari wannan ya gama saukewa tukuna."